Yadda Grady Ya Kai Agnes Kanti

Ƙanina Grady tun yana rarrafe bakinsa ya fi shi girma. Duk abin da aka ce wani ya yi a duniya, Grady ya taɓa yin wanda ya fi shi, sai dai ba ka wurin a lokacin. Shekarar da zai shiga babbar sakandaren garinmu, Pickerel Bend, ni ina ajin ƙarshe, ina busa tuba a ƙungiyar badujalar makaranta, wato ƙaton ƙahon nan da ake zura kai a ciki ya nannaɗe mutum kamar mesa. Na sha wuya kafin na samu ɗan mutuncina a ƙungiyar. Don haka ranar da Grady ya ajiye cokali muna cin abinci ya ce shi ma zai shiga, sai da ni ma na ajiye nawa cokalin.

Kuma ba shiga kawai zai yi ba, wai Agnes zai ɗauka.

Agnes ita ce tsohuwar babbar gangar makarantarmu, ta girmi iyayenmu. Sau ɗaya ake fito da ita a shekara, ranar faretin dawowar tsofaffin ɗalibai, inda ake tasowa daga bakin kogi, a bi babban titi, a karya hagu a gidan waya, a shiga filin ƙwallo. Al'adar ita ce, duk wanda ya shigo da Agnes ta ƙofar filin, shi zai rubuta sunansa a fatarta a gaban jama'a, kuma ba a fara wasa sai an yi haka. Sunan kakanmu, Walt Pickett, yana nan a gefen dama, har ya fara dusashewa. Ɗan ajin farko bai taɓa ɗaukarta ba. Grady ya ce ai don ba a haife shi da wuri ba ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma har ya zaɓi inda zai sa nasa sunan, daidai ƙarƙashin na Kaka.

Mama ta ce ya fara koyon gyara gadonsa tukuna. Ni kuwa na tuna masa cewa ko tafi bai iya yi tare da mutane ba, kullum a coci nasa ne ke zuwa bayan kowa ya gama.

"Marnie, hassada ga mai rabo taki ce," in ji shi. "Ki dai riƙe ƙahonki da kyau, kada ki ba ni kunya."

Tun daga ranar ya kama koyon sa hannu. Ya rubuta sunansa a bangon gareji, a kwalin ƙwai, har a bayan kujerar motar Baba, kowanne da wata doguwar jela a ƙarshe da ya ce haka manyan makaɗa ke yi.

A watan Agusta, kafin a buɗe makaranta, ake tara 'yan badujala a fili a gasa su a rana ana koyon tafiya. Malaminmu, Mista Ostrander, mutum ne mai haƙuri, duk furfurar kansa 'yan ajin farko ne suka dasa masa ita. Ya tambayi Grady abin da ya iya busawa ko kaɗawa. Grady ya ce shi ba ya zaɓe, a dai ba shi inda ake da ƙarancin gwanaye.

Aka miƙa masa begila. Ya cika kumatu ya busa, sai wani kuka ya fito irin na ɗan maraƙin da aka raba da uwarsa. Shanun gonar da ke bayan makaranta suka taso suka jeru a jikin shinge suna amsa masa. Grady ya duba cikin begilar ya ce wanda ya riƙe ta bara ya lalata ta. Aka ba shi sarewa. Ya hura, ya hura, bai samu ko tsit ba, har jiri ya ɗebe shi ya zube a ciyawa, da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo ya ce dama yana so ya ji yadda sauti ke tafiya a ƙasa. Aka ba shi fayafayan tagullar nan biyu da ake gwarawa. Ya buɗe hannuwa iyakar ƙarfinsa ya haɗa su da fatar cikinsa a tsakani. Sai da ya yi mako yana ɗage riga yana nuna wa mutane shatin, wai duk ƙwararre yana da irinsa.

Mista Ostrander ya cire hula ya share zufa, ya ce a ba shi ƙaramar ganga, ita dai ba a busa ta kuma ba ta cizo.

Daga nan bala'in ya dawo unguwarmu. Grady ya mayar da garejinmu wurin atisaye, bangon garejin kuwa yana kallon tagar Misis Krantz. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mijinta ya rasu da daɗewa, kuma ba ta taɓa rabuwa da fararen takalman aikinta ba. Kullum da la'asar sai ta ja ɗan kwandonta mai taya ta tafi kanti, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, ba ta kauce wa mota, ba ta kauce wa fasto. Kwana na biyu da fara kiɗan ta leƙo ta kan shinge.

"Kai ɗan gidan Pickett, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Misis Krantz, atisaye nake yi."

"To ci gaba, za a samu."

Grady ya ce mata wata rana za ta yi alfahari da cewa ta zauna kusa da shi. Ta ce tun yanzu ma ta fara ƙyashin kurame. Ya ce ranar fareti duk garin nan bayansa za a bi. Ta ce in dai korar sa za a yi daga garin, a sa ta a sahun gaba. Haka suka riƙa yi kullum, har Mama ta daina kunna talabijin da yamma, ta koma zama kusa da taga.

Da ikon Allah, saura 'yan makonni fareti, Boone Hadley, ƙaton ɗan ajin ƙarshe da aka tanada don ɗaukar Agnes, ya gurɗe baya wajen loda ciyawar shanu. Mista Ostrander ya tara masu ganga ya tambayi wa zai maye gurbinsa. Kowa ya kalli takalminsa, don sun san nauyinta, kuma sun san wanda ya rungume ta ba ya ganin komai a gabansa. Grady kuwa hannunsa na sama tun malam bai rufe baki ba. Mista Ostrander ya bi ɗakin da kallo kamar mai neman makullin da ya ɓace, ko zai ga wani hannun. Bai gani ba.

Ya amince, amma da sharaɗi. Tunda mai Agnes makaho ne, dole ya haddace hanyar da ƙafarsa. Haka duk na baya suka yi: su rufe ido su bi titin, wani ɗan'uwa na riƙe da hannunsu, suna ƙirga taku, har sai ƙafa ta san kwanar gidan waya da kanta. Kakanmu ma haka ya yi. Na danne zuciyata na ce wa Grady zan raka shi. Ya dube ni da tausayi ya ce ƙirga aikin marasa basira ne, shi ya riga ya gano abin da na baya duk suka kasa ganowa.

Ga dabarar. Duk 'yan badujalarmu fararen takalma muke sawa. In ya rungumi Agnes ya sunkuyar da kai, ta ƙarƙashin bakinta yana iya hango ɗan fili a ƙasa, a cikin filin kuwa akwai dugadugan Delaney, yarinyar da ke kaɗa ƙaramar ganga a gabansa. Inda farin takalmi ya yi, nan zai yi, magana ta ƙare. Na tambaye shi, in takalmin ya ɓata fa?

"Takalmi ba ya ɓata, Marnie. Mai shi yana ciki."

Abin haushi, a wurin atisaye dabarar ta yi aiki, kuma wannan ne ya ƙarasa shi. Ya tara 'yan ajin farkon da ke jere a bayansa, masu fayafayai da masu begila, ya ce su daina wahalar da kansu da haddar hanya, su dai su zuba wa Agnes ido su bi ta. Yaran suka ji daɗi, har suka fara kiransa Kyaftin. Ya sanar da mai askin gari, ya sanar da mai sayar da mai, ya tare matar da ke ɗaukar hoto a jaridar garinmu ya nuna mata ɓangaren fuskarsa da ya fi kyau. Ya umarci Mama ta tsaya daidai kwanar gidan waya da wayarta, don a nan zai yi wani salo da ba a taɓa gani ba. Na so in kai ƙara wurin Mista Ostrander, sai na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari ya ji a jikinsa. Ban san da nawa jikin za a haɗa ba.

Ranar Juma'ar fareti da la'asar, garin kaf ya fito. Motar kashe gobara a gaba tana jiniya, taraktoci na jan motocin ado, sarauniyar makaranta a buɗaɗɗiyar mota tana ɗaga hannu, yara na wawar alewa a bakin titi. Mu kuma muka jeru cikin jajayen kaya. Dokar fareti uku ce, kuma ana cusa mana ita tun ranar farko: ba magana, ba waiwaye, ba fita layi ko sama za ta faɗo. Masu tuba a layin ƙarshe muke, don haka komai a idona aka yi. Da aka ɗaura wa Grady gangar, babu abin da ya rage nasa sai ƙafafu biyu da gashin hula, kai ka ce Agnes ce ta gaji da jira ta fito yawo da kanta.

Har muka kusa gidan waya lafiya lau, har ina cewa a raina ko na zalunci yaron nan. Sai ya hango Mama ta gefe. Ya tsaya cak a tsakiyar titi, ya cilla sandar kiɗansa sama. Sandar ta juya ta dawo ta sauka a hularsa, ya cafe ta da ƙyar a kafaɗa, ya juya wa jama'a ya ɗan rusuna yana jiran tafi. Aka kuwa tafa masa, don mutanen garinmu ko kare ya yi atishawa a fareti tafa masa suke yi. Shi kuma ya tsaya sai da ya shanye tafin nan tas.

Kafin ya gama, Delaney da duk na gaba sun karya hagu sun shige. Fili ya buɗe a gabansa. A daidai nan kuma lokacin zuwan Misis Krantz kanti ya yi. Ta ratso jama'a da kwandonta tana cewa titi na kowa ne, ta faɗa cikin filin nan, ta miƙe sosai zuwa kanti. Grady ya sunkuyar da kai, ya ga fararen takalma suna tafiya, ya buga Agnes ya bi su. 'Yan ajin farko suka zuba wa Agnes ido kamar yadda Kyaftin ya koya musu, suka bi shi reras.

Manyan ɗalibai da suka san hanya suka karya hagu, idanunsu a gaba, fuskokinsu kamar an aiko musu da mutuwa. Ni ba damar magana, sai na cika ƙirji na busa masa wata tsawa a tuba wadda ta tada tattabarun gidan waya. Grady ya ɗaga sanda sama alamar godiya. Na tsaya a kwanar nan. Shekara huɗu ban taɓa kauce wa layi ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sai na bi su da gudu, ƙahon na dukan kunnena.

Misis Krantz ta ji ganga a ƙeyarta, ta ƙara sauri. Grady ya ga takalma sun ƙara sauri, ya ƙara saurin kiɗa. Yaran baya suka koma sassarfa suna busa taken makaranta kamar ana binsu bashin numfashi. Ta tsallaka ɗaya gefen titi, suka tsallaka. Ta zagaya wata motar ɗaukar kaya da aka ajiye don ta ɓace musu, suka zagaya a bayanta, har na ƙarshensu ya kusa cin karo da ita. Ta juyo ta zazzaga masa masifa, amma wa zai ji muryar tsohuwa a gaban Agnes? Da ta tsaya, shi ma ya tsaya yana taka ƙafa a wuri ɗaya kamar yadda aka koya mana. Da ta tafi, ya tafi.

Jama'ar bakin titi suka duba hagu suka ga faretin da suke gani kowace shekara, suka duba gaba suka ga wannan, sai rabin gari ya biyo Grady. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, wanda yake yi wa askin na biye da shi da ƙyalle a wuya. Mama tana gudu tana ɗauka da waya tana kiran sunansa cikakke, irin kiran da take yi in ya fasa wani abu. Can filin ƙwallo kuwa, daga baya aka ba mu labari, sauran 'yan badujala sun shiga ba ganga, kowa na taka tasa, shugabar makaranta na tsaye da alƙalami a hannu, mai sanarwa ya ce ga Agnes nan har sau uku, mutane na ta kallon ƙofa.

Ƙofar kantin mai buɗe kanta ce, ba ta tambayar kowa abin da ya kawo shi. Ta buɗe wa Misis Krantz, ta buɗe wa Agnes. Grady ya ji inuwa, ya ji ƙasa ta yi sumul, ya ji kiɗansa na amsa kuwwa, sai ya tabbata ya shiga ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, ƙofar fili ke nan. Ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya maka wa gangar dukan da ya tanada tun Agusta. Dukan ya juya shi gefe, gefen Agnes ya ɗebi tulin kabewar da aka jera a bakin shiga, ƙafarsa ta hau ɗaya, ya tafi da baya. Da na iso ina haki, na same shi kwance rigingine, ganga a kansa, ƙafafu na harbin iska, kabewa na gangarawa har waje. 'Yan ajin farko kuwa na tsaye tsakanin burodi da madara suna ci gaba da busa, don ba wanda ya ba su umarnin tsayawa.

Misis Krantz ta ajiye kwandonta, ta sa hannu ta kwance maɗauran gangar, ta ture ta gefe. Grady ya ƙifta ido ya dube ta.

"Misis Krantz, me kike yi a filin ƙwallo?"

"Madara na zo saye."

Ya juya kai ya ga fitilun kanti, ya ga mai kantin riƙe da tsintsiya, ya ga rabin garinmu sun manne fuska a gilashi. Na ɗauka yau dai bakin zai mutu. Ina! Ya tashi zaune, da ɓawon kabewa a hula, ya ce dama da gangan ya yi, ma'aikatan kanti ba sa samun ganin fareti, shi ya sa ya kawo musu har gida. Mai kantin ya ce an gode, ya miƙa masa tsintsiyar.

Na ce masa ya bar surutu, ana can ana jiran ganga ba a fara wasa ba. Ya ce a ɗaura masa, yanzu zai kai ta. Aka ɗaura, ya yi taku biyu, bayansa ya ce bai san zancen ba, ya zauna daɓas a kan buhun dankali. Ni tuba na wuyana, yaran kuwa ko su uku ba za su ɗaga ta ba. Misis Krantz ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi tsaki, ta jawo keken sayayya na kantin ta ce a ɗora mata. In ba ita ta kai abin nan da kanta ba, in ji ta, yaron nan sai ya kai shi maƙabarta ya tada mata miji.

Haka muka koma. Misis Krantz a gaba tana tura Agnes, tayar keken na ƙugi, 'yan ajin farko na binta a jere, ni ina baya ina fatan ƙahon ya haɗiye ni, Grady na ɗingishi a gefe da sanduna biyu a hannu yana bayyana wa mai aski yadda aka yi. A kwanar gidan waya ba wanda ya gaya mata, ta karya da kanta. Da ta kunno kai ta ƙofar filin, 'yan kallo suka miƙe da sowa, har 'yan wasan makarantar da ta zo karawa da mu suna tafi.

Shugabar makaranta ta dubi alƙalamin hannunta, ta dubi Mista Ostrander. Grady ya gyara hula, ya matso gaba ya miƙa hannu, yana cewa ai shi ya ɗauko ta tun daga bakin kogi, wannan baiwar Allah rakiya kawai ta yi. Mista Ostrander ya gyara murya. A shekara huɗun da na yi da shi ban taɓa ganin fuskarsa cikin kwanciyar hankali irin na ranar ba. Ya ce al'ada ba ta ce wanda ya ɗauko ba, cewa ta yi wanda ya shigo da ita.

Alƙalamin ya wuce ta saman hannun Grady. Misis Krantz ta sa tabarau, ta bi fatar gangar da yatsa tana neman fili, ta samu wani mai kyau daidai ƙarƙashin sunan Walt Pickett, ta rubuta Ida Krantz da ƙananan haruffa, ba jela ba komai. Na dubi ƙanina. Bakinsa a buɗe yake, amma a karon farko tun da aka haife shi ba abin da ya fito. Gaskiya ya ba ni tausayi, sai dai tausayin bai hana ni dariya ba.

Aka sauke Agnes, aka busa usur na fara wasa. Misis Krantz ta juyo da keken da ba komai a ciki ta danƙa wa Grady.

"Mayar musu da kayansu. In ba ka san hanya ba, ga takalmana nan."

Ta juya ta nufi ƙofa, don har yanzu ba ta sayi madararta ba. Grady ya sunkuyar da kai, ya tura keken ya bi ta.